Yadda tsohuwar caja da mataccen rediyo suka zama rumbun kayan aikin matasa a arewacin Zamfara

A cikin duk kayan da ake haɗa na'urar lantarki da su, da wuya a samu abin da ya kai dayod araha. Tsawonsa bai fi ƙwayar shinkafa ba, kuma a manyan kasuwanni da ƙulli ake sayar da shi.

Sai dai ga ɗalibi ko mai gyaran waya a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, kuɗin motar zuwa sayo shi ya ninka farashinsa sau da yawa, ban da fargabar hanya. Wannan ne ya sa masu sana'ar ba sa yarda a zubar da matacciyar na'ura sai sun ciro duk abin da ke da sauran rai a cikinta.

Mene ne amfanin dayod a allon madannai?

Dayod tamkar ƙofa ce mai buɗewa ta gefe guda: wuta na wucewa gaba, amma ba ta komowa. Shi ne ke taimakawa wajen mayar da wutar gida zuwa irin wadda batirin waya ke sha a cikin caja.

Amfaninsa a allon madannai, irin wanda ake danna lamba a jikinsa, ya ɗan bambanta. Allon Arduino Uno da ɗalibai ke yawan aiki da shi yana da ƙafafun dijital 14 ne, don haka su kaɗai ba za su ɗauki madannai 16 ba idan kowanne zai samu wayarsa.

Dabarar ita ce a jera madannan layi huɗu a kwance, layi huɗu a tsaye, kamar saƙar tabarma. Ta haka wayoyi takwas sun isa, kuma na'urar na gane madannin da aka taɓa ta hanyar duba inda layuka biyu suka haɗu.

Matsala na tasowa ne idan aka danna madannai uku lokaci guda a kusurwoyi uku na murabba'i. Wuta kan bi ta bayan gida, sai na'urar ta ɗauka an danna na huɗu alhali babu wanda ya taɓa shi. Sanya dayod ɗaya a jikin kowane madanni shi ke toshe wannan hanya.

Mai haɗa makullin ƙofa na lambar sirri, inda ake danna lamba ɗaya bayan ɗaya, yana iya aiki ba tare da su ba. Amma mai haɗa madannan kiɗa ko na wasan kwamfuta, ko ƙararrawar gasar kacici-kacici, dole ya nemi guda 16.

Hanyar da kaya ke bi

Ƙauran Namoda gari ne da ya saba da shigowar kaya. A nan layin dogon da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a shekarar 1929, kuma daga nan hanya ke rabuwa zuwa Shinkafi da kuma Zurmi har Jibiya.

A garin ne kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Gwamnatin Tarayya take, wadda aka kafa a 1983, inda ɗaliban sashen lantarki ke haɗa na'ura da hannunsu kafin su kammala karatu.

Yawancin ƙananan kayan lantarki daga ƙasar Sin suke fitowa, su sauka a Legas, musamman kasuwar Alaba, sannan su hauro Kano, inda ake samunsu a Sabon Gari da kasuwar waya ta Farm Centre. Daga can ne direbobi ke kawo saƙo Gusau, kafin ya ƙarasa arewa.

Wannan kashi na ƙarshe shi ne mai wahala. Hanyoyin Ƙaura zuwa Shinkafi da Zurmi sun shafe shekaru suna fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma babu mai sa ransa a kasada saboda kayan da ba su cika tafin hannu ba.

A watan Satumban 2021 lamarin ya ƙara tsananta, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, hukumar NCC kuma ta umarci kamfanoni su katse layukan sadarwa a faɗin jihar. Wasu yankunan sun yi kusan wata uku babu sabis, wato babu kiran dillali a Kano, babu tura masa kuɗi ta waya.

Abin da ke cikin bola

A irin wannan yanayi, tsohon rediyo da talabijin da na'urar DVD da ƙwan lantarki mai murɗaɗɗen gilashi su ne shagon da ya fi kusa.

Iri biyu aka fi cin karo da su. Akwai 1N4148, ɗan ƙarami mai jikin gilashi ja-ja da baƙin zobe a gefe guda, kuma shi ya fi dacewa da madannai. Akwai kuma 1N4007, baƙi mai farin zobe, da ke cikin caja masu araha da ƙwayayen lantarki. Shi ma yana aikin, sai dai ya fi girma kuma ƙafafunsa sun fi kauri.

Ido kaɗai ba ya wadatarwa, domin akwai wani iri da ake kira zina wanda ya yi kama da 1N4148 sosai, amma aikinsa daban. Don haka ake duba lambar da ke jikinsa.

Bayan haka sai gwaji da mita. Lafiyayyen dayod kan nuna kusan 0.6 zuwa 0.7 ta gefe guda, idan aka juya shi kuma ba ya nuna komai. Wanda ya nuna sifiri ta kowane ɓangare ya ƙone.

Wajen liƙawa, dole duk zobban su fuskanci gefe ɗaya. Guda ɗaya da aka juya ya isa ya kashe madanninsa, kuma nemo shi a cikin 16 na iya cin yini.

Zafi ma abin lura ne. Daƙiƙa biyu zuwa uku sun isa dalma ta narke ta kama, kuma riƙe ƙafar dayod da hantsaki na rage zafin da ke shiga gilashin. Inda wuta ba ta tsayawa, wasu na amfani da ƙarfen liƙi mai aiki da batirin sola, ko wanda ake gasawa a garwashi, wanda ba a iya daidaita zafinsa.

Hatsarin da ba a gani

Wayar liƙin da aka fi samu a kasuwa haɗi ce ta kuza kashi 60 da dalma kashi 40. Tun 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a sababbin kayan lantarki, amma tsofaffin na'urorin da ake farkewa cike suke da ita.

Zamfara ta san illar dalma. A 2010, gubarta ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar waɗanda suka rayu.

Dalmar teburin mai gyara ba ta kai wannan yawa ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: daga hannu zuwa baki. Riƙe wayar liƙi da haƙori, ko cin abinci ba a wanke hannu da sabulu ba, ko barin ƙananan yara su yi wasa da ɓurɓushin da ya zuba, duk suna tara gubar sannu a hankali. Hayaƙin da ke tashi kuwa na ɗanƙon da ke cikin wayar ne, kuma yana cutar da ƙirji idan babu iska a ɗakin.

Yaran da ake kawowa koyon gyara su ne suka fi zama kusa da teburin, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar dalma. Saboda haka sabulu da ruwa na cikin kayan aikin da ya kamata maigida ya tanada, daidai da mita da hantsaki.