Mutum-mutumi a Ɗakin Tiyata: Abin da Ba a Cika Faɗa wa Mai Sankarar Furostat Ba

'Yan uwana ɗalibai, a gidaje da yawa mu ne ake miƙa wa takardar asibiti a ce, "Kai ɗan boko, karanta mana." Shi ya sa na ga ya dace mu fahimci wata tiyata da ake ta tallatawa, musamman ga masu fita Indiya neman magani: cire furostat da taimakon mutum-mutumi.

Furostat wani ƙullutu ne mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya zagaye hanyar fitsari. Sankararsa ce ta fi kowace sankara kama maza a Najeriya, kuma ta fi yawa ga waɗanda suka haura hamsin, wato sa'o'in iyayenmu da kawunnanmu.

Da farko, na'urar ba ita ke yin tiyata da kanta ba. Wadda aka fi sani ita ce da Vinci ta kamfanin Intuitive Surgical na Amurka, wadda hukumar FDA ta amince da ita a 2000. Likita ne ke zama a gefe yana kallon cikin majiyyaci ta kyamara, yana juya hannuwan ƙarfe da aka zura ta ƙananan ramuka. Tana da amfani, ba musu: jini kaɗan ke zuba, kuma ana sallamar mutum da wuri. To, ina matsalar?

Matsalar ita ce abubuwa biyu da maza suka fi tsoro suna nan daram: yoyon fitsari da raunin gaba. Jijiyoyin da ke tayar da gaba suna manne da furostat, haka ma tsokar da ke riƙe fitsari tana dab da shi. Ko da wane hannu aka yi aikin, za a iya taɓa su. A Birisben ta Ostireliya an raba maza 326 gida biyu, wasu aka yi musu da na'ura, wasu aka buɗe ciki yadda aka saba. Sakamakon da ya fito a mujallar Lancet a 2016, da bibiyar da aka yi bayan shekara biyu, ya nuna babu wani bambancin a zo a gani wajen riƙe fitsari da harkar iyali. Sannan duk wanda aka cire wa furostat ba zai ƙara fitar da maniyyi ba, ke nan haihuwa ta hanyar da aka saba ta ƙare. A wurinmu da dattijo ɗan shekara sittin ke yin suna, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai kuma haɗurran da na'urar ce ke jawo su. Ana kwantar da majiyyaci kansa a ƙasa, ƙafafu a sama, a hura masa iska a ciki, har tsawon sa'o'i. Hakan na iya ƙara matsin ruwan ido, ya takura huhu da zuciya, ko ya danne jijiyar kafaɗa. Mai cutar gilakoma ko ciwon zuciya dole ya faɗa wa likita tun da wuri. Na biyu, a yawancin na'urorin da ke aiki likita ba ya jin taurin nama a yatsunsa, ido kawai yake bi. Mu da ke shiga wokshof mun san bambancin ɗaure noti da hannu da ɗaure shi ba ka jin ƙarfinsa.

Na uku, inji dai inji ne. Wani nazari da ya fito a 2016 ya duba rahotannin da aka kai wa FDA daga 2000 zuwa 2013 kan tiyatar mutum-mutumi iri-iri, ya ƙirga mutuwa 144 da lalacewar na'ura sama da 8,000. An samu ɓallewar guntun ƙarfe a cikin jiki, da tartsatsin wuta mai ƙona nama, da ɗaukewar hoto ana tsakiyar aiki. Idan aka auna da tiyata sama da miliyan ɗaya da rabi da aka yi a lokacin, adadin kaɗan ne. Amma fa idan na'ura ta tsaya, sai likita ya iya ƙarasa aikin da hannunsa.

Sai kuɗi. Na'ura ɗaya na kai dala miliyan biyu, wasu kayan aikinta kuma bayan amfani kamar sau goma sai a jefar. Majiyyaci ne ke biya. Wanda ya sayar da gona ya je waje kuwa, idan matsala ta taso bayan ya dawo, likitan da ya yi aikin yana can wata uwa duniya.

A ganina, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: tiyatar ma ta zama dole? A Birtaniya an bibiyi maza 1,643 masu sankarar da ba ta yaɗu ba, wasu aka yi musu tiyata, wasu gashi, wasu aka sa musu ido kawai. Bayan shekara 15, a sakamakon 2023, kusan kashi 97 cikin 100 ba su mutu da cutar ba a kowane rukuni, ko da yake ta fi yaɗuwa a rukunin sa ido. Kada wannan ya sa a yi sake. A nan da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya shiga ƙashi, a lokacin kuwa cire furostat ba ya warkarwa, da na'ura ko babu.

Saboda haka idan Baba ya ce a raka shi, ka tambayi likita cikin ladabi: Sau nawa ka yi wannan aikin da na'urar? Cikin majiyyatanka, nawa ne ke riƙe fitsari bayan shekara guda? Wace hanya ce kuma ban da tiyata? Wa zai duba shi bayan an sallame shi? Likitan kirki ba zai ji haushi ba. Ƙwararren da zai buɗe ciki ya fi ɗan koyo a kan na'urar dala miliyan biyu.

Kafin duk wannan, mu lallaɓa iyayenmu su je su tattauna da likita kan gwajin jini na PSA tun ciwo bai yi nisa ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.