Ƙwayar Hana Ɗaukar Ciki da Daren Farko

A Moshi Zango ta Kumasi akwai amaren da ke son gama makaranta ko koyon ɗinki kafin haihuwar fari. Wata takan fara shan ƙwaya ana jibi ɗaurin aure, tana zaton ta kama aiki nan take. Ba kullum haka yake ba, kuma ciki yana iya shiga tun daren farko.

Ƙwayar iri biyu ce. Mai sinadari biyu, kamar Microgynon, tana hana ƙwan mace fitowa. Idan an fara ta cikin kwana 5 na farkon haila, tana kariya daga ranar. In an wuce haka, sai an sha ta kwana 7 a jere. Kafin nan ango ya sa kwaroron roba. Mai sinadari ɗaya, kamar Microlut, kwana 2 take bukata, amma dole a sha ta lokaci guda kullum.

Ƙwaya ba ta hana ƙanjamau ko ciwon sanyi. Ya kamata amarya ta je asibiti, kamar na Manhyia, wata guda kafin biki, a auna jininta, domin mai hawan jini ba kowace ƙwaya ce ta dace da ita ba.