Yadda Promise ke hana shafin intanet daskarewa

Harshen JavaScript aiki ɗaya yake yi a lokaci guda. Da zai tsaya jiran amsa daga sabar, sai shafi ya daskare, ka danna maɓalli shiru. Promise, wanda ya shiga ƙa'idar harshen a 2015, kamar rasit ɗin tela yake: ɗinki bai fito ba, amma ka riƙe shaida, ka ci gaba da harkokinka. Idan amsa ta iso, umarnin then ya karɓa. Idan aiki ya ɓaci, umarnin catch ya tare. Shi catch ɗin ne bai kamata a manta ba, domin in babu shi mai amfani zai yi ta jira ba bayani. A 2017 async da await suka sauƙaƙa rubutun, amma Promise ne dai ke aiki a ƙarƙashi.