Binciken Muhalli Kafin a Gyara Wurin Shaƙatawa a Fadamar Birni

Idan Gwamnatin Tarayya ta ware kuɗi domin gyara wurin shaƙatawa da ke cikin fadama ko bakin tafki a birni, irin tafkin Jabi na Abuja, mutane kan yi tsammani gobe za a ga magina. Amma doka ta hana a sa fartanya a ƙasa sai an bincika irin illar da aikin zai iya jawowa.

Me ya sa ake wannan bincike?

Fadama ita ce ke shanye ruwan sama idan ya yi yawa, ta riƙe shi, sa'an nan ta sake shi sannu a hankali. Ciyayinta suna tace dauɗa, kifi da tsuntsaye kuwa a nan suke hayayyafa. In aka cike ta da ƙasa, ko aka shafe gefenta da siminti domin ajiye motoci, ruwan ba zai ɓace ba, gidajen maƙwabta zai nufa. Saboda haka ko aikin ƙawata wuri yana iya zama ɓarna in ba a yi hattara ba.

Abin da doka ta ce

A shekarar 1988 aka gano dattin masana'antu mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. A wannan shekara aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 1992 kuma aka kafa Doka mai lamba 86, wadda ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka ga muhalli, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa. Cikin ayyukan da ta ambata har da janye ruwan fadama mai faɗin hekta 100 ko fiye. Tun daga 1999 Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke riƙe da wannan aiki.

Yadda ake gudanar da shi

Da farko hukumar da za ta yi aikin takan miƙa bayaninsa ga Ma'aikata. Jami'ai sukan ziyarci wurin, su yanke irin zurfin binciken da ya dace. Daga nan masana su auna ruwa da ƙasa, su lissafa itatuwa da dabbobi, su kuma ji ta bakin masunta da masu lambu da ke cin abinci a wurin. Tilas rahotonsu ya faɗi illar da ake tsoro, da hanyar rage ta, da kuma wata dabara dabam, kamar a yi gadar katako ta masu tafiya a ƙasa maimakon a cike fadama.

Haƙƙin jama'a

Akan ajiye rahoton kwana 21 na aiki a ofisoshin Ma'aikata, da na jiha, da na ƙaramar hukuma, a kuma yi sanarwa a jarida da rediyo. Kowa yana da ikon ya karanta, ya rubuta ƙorafi ko shawara. Bayan haka kwamitin masana zai duba, Ma'aikata ta amince bisa sharuɗɗa, ko ta ce a sake gyara, ko ta ƙi.

Don haka jama'a, in kun ji sanarwa kada ku yi shiru. Wanda ya san inda ruwa ke kwanciya a unguwarsa da damina yana da ilimin da masana ke bukata. A faɗe shi kafin wa'adi ya cika, gama rigakafi ya fi magani.