Zare a Cikin Siminti: Kwanciyarsa Ta Fi Yawansa Muhimmanci

'Yan uwanmu da ke aikin gini a Legas, Ibadan da Fatakwal sun fara cin karo da zaren ƙarfe ko na roba da ake zubawa cikin kwaɓin kankare. Wasu na cewa in dai an zuba zare da yawa, shi ke nan gini ya yi ƙarfi. Ni dai ina ganin akwai gyara a wannan magana.

Kankare gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ke danne shi, amma in aka ja shi, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi 1 cikin 10 na wancan ba. Shi ya sa yake tsagewa. Aikin zare shi ne ya gitta tsagar, ya riƙe ɓangarorin biyu kada su rabu. Magabatanmu ma da wannan dabara suke cuɗa laka da ciyawa kafin su yi tubali.

To, a nan ne maganar take. Zaren da ya kwanta ta ɓangaren da ake jan kankaren shi ke gitta tsaga, shi ke aiki sosai. Wanda kuwa ya kwanta kafaɗa da kafaɗa da tsagar, zaman banza kawai yake yi. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Herbert Krenchel, ya yi lissafin haka a 1964: in zaruruwa suka miƙe gaba ɗaya ta ɓangaren ja, ana cin cikakken amfaninsu. In suka warwatsu a shimfiɗe, kamar a cikin allo mara kauri, amfanin ya koma 3 cikin 8. In suka fuskanci ko'ina cikin kauri, sai ya dawo 1 cikin 5 kacal. Kun ga kuɗi ɗaya aka kashe, amma riba ta bambanta.

Allon silin da kwanon rufi na siminti misali ne mai kyau. Yawancinsu ana yin su ne da injin da Ludwig Hatschek, ɗan Ostiriya, ya ƙirƙiro wajen 1900. Injin na naɗa siririn kwaɓi a jikin ganga mai juyawa, sai akasarin zaren ya bi hanyar juyin. Don haka allon ya fi ƙarfi ta wannan ɓangare fiye da ta gicciye, kuma ya kamata kafinta ya bi umarnin kamfani kan yadda za a ɗora shi a kan katako.

A wurin zuba kankare kuwa, zare na bin hanyar da kwaɓi ya gangara, kuma yawan girgiza shi da inji na sa zaren ƙarfe ya kwanta. In aka juye buhu guda lokaci ɗaya, sai ya dunƙule, wani wuri ya tashi babu komai.

Shawarata ga mai gini: zare na rage tsagewar daɓe, amma kada wani ya ce maka a rage rodin dakin ko na ginshiƙi saboda shi, sai injiniya ya lissafa ya sa hannu. Rayukan mutane ne za su kwana a ƙarƙashinsa.