Ƙarafan Sitiyarin Tifa: Lalacewarsu da Gyaransu

Idan ka bar tsakiyar birnin Bauchi ka kama hanyar Jos, ba za ka yi nisa ba sai ka iso Miri. Gine-gine suna ta ƙaruwa a wannan yanki, kuma kowane gini yana bukatar yashi da tsakuwa da jar ƙasa. Motar da ke kawo su ita ce tifa, wato babbar motar da take ɗaga bayanta ta juye kaya. Mutanen Bauchi sun daɗe da sanin manyan motoci, domin tun ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Steyr ya fara harhaɗa su a garin. Sai dai tifa ba ta daɗewa a kan kwalta. Yawancin aikinta a cikin rafi ne, ko a ramin ɗibar ƙasa, ko a kan hanya mai duwatsu da kwazazzabai. A irin waɗannan wurare, ƙarafan da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba suna shan wahala ƙwarai.

Bari mu fara da sanin ƙarafan. Idan direba ya juya sitiyari, motsin yana gangarawa zuwa akwatin sitiyari, wanda yake daure a jikin firam ɗin mota. Daga akwatin akwai wani gajeren hannu na ƙarfe da ke lilo gaba da baya. Hannun yana jan wata sanda, sandar kuma tana juya tayar gaba ta ɓangaren direba. To, ɗaya tayar fa? Wata doguwar sanda ce take haɗa ta da 'yar'uwarta. Makanikai suna kiran wannan sanda tayarod. A kowane ƙarshe nata akwai gaɓa: ƙwallon ƙarfe ne zaune a cikin gurbi, yana juyawa kamar yadda kafaɗarka take juyawa. An cika gurbin da giris, an kuma rufe shi da roba don kada ƙura da ruwa su shiga.

Ka lura da wani abu idan mota tana shan kwana. Tayar ciki tana karkacewa fiye da ta waje, domin da'irar da take bi ta fi ƙanƙanta. Wani maƙerin keken doki a birnin Munich na Jamus, Georg Lankensperger, shi ya tsara wannan dabara, sannan Rudolph Ackermann ya yi mata rajista a Ingila a shekarar 1818. Dabarar ta dogara ne ga tsawon tayarod. Idan sandar ta lanƙwashe, tsawonta ya ragu, kuma tayoyin biyu ba za su ƙara fuskantar wuri ɗaya ba.

Lalacewa iri biyu ce. Ta farko farat ɗaya take zuwa: taya ta faɗa rami da kaya a bayan mota, ko dutse ya bugi sandar daga ƙasa, sai ta lanƙwashe. Wannan direba yakan gane ta nan take, domin zai ga sitiyari ya karkace alhali motar tana tafiya sak.

Ta biyu ta fi haɗari, domin a hankali take tafiya. Farkonta robar nan ce. Ƙaya ko tsakuwa ta yaga ta, ko zafin rana ya busar da ita ta tsage. Tifa ta shiga rafi, ruwa ya wanke giris, yashi ya maye gurbinsa. Daga nan duk juyin da direba ya yi, yashin yana goge ƙwallon kamar yadda dutsen niƙa yake cin hatsi. Gurbin yana faɗi, ƙwallon yana raguwa. Wata rana, wataƙila a kan gangara da cikakken lodi, ƙwallon zai fita daga gurbinsa. A lokacin sitiyari yana hannun direba, amma taya ba ta jin umarninsa. Tifa mai ɗauke da yashi ba ta tsayawa da wuri, kuma hanyar da take bi ita ce hanyar 'yan makaranta da masu babur.

Motar takan yi gargaɗi kafin hakan ta faru. Za ka ji ƙara, ƙwas-ƙwas, daga ƙasan gaba idan an hau gargada. Sitiyari zai yi sako-sako, wato a juya shi kaɗan taya ba ta motsa ba. Motar za ta riƙa yawo a kan hanya, direba yana ta kamo ta. Gefe ɗaya na tayar gaba kuma zai cinye, ɗayan yana nan da sauransa. Direbobi da yawa sukan saba da waɗannan alamu har su ce halin motar ne. Wannan ba hali ba ne, ciwo ne.

Dubawa ba ta da wuya, amma tana bukatar mutum biyu. A tsayar da mota a wuri mai laushi ba, a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin baya. Mutum ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, ɗayan ya tsuguna ya zuba wa kowace gaɓa ido. Gaɓa mai lafiya tana tafiya tare da sandarta. Wadda ta ci za ka ga tana ɗan tsalle kafin ta bi.

Gaɓar da ta ci ba a gyara ta, sauya ta ake yi. Bakanike zai zare ɗan fin ɗin da ke riƙe noti, ya kwance notin, ya fitar da gaɓar daga ramin da ta matse a ciki. Gwanin bakanike yakan ƙirga zagaye nawa ya yi wajen warware tsohuwar, don sabuwar ta shiga daidai wurin. Bayan ya ɗaure noti sai ya sa sabon fin. Wasu sukan sa ƙusa ko guntun waya a madadinsa, kuma wannan ganganci ne, domin ɗan ƙarfen nan shi ke hana noti warwarewa. Daga ƙarshe a kai motar wurin alaimen, inda za a auna tazarar tayoyin gaba a daidaita su.

Batun sanda mai lanƙwasa shi ne inda aka fi yin gardama a gareji. Mai mota yana ganin kuɗin sabuwa, yana ganin ranar aiki tana wucewa, sai ya ce a gasa ta da wuta a miƙe ta, ko a yi mata walda. Ana iya fahimtar matsinsa, amma shawarar ba ta da kyau. Wuta tana sauya ƙarfin ƙarfe, kuma wurin da ya taɓa lanƙwashewa nan ne zai sake bayarwa. Idan sabuwa ta gagara, gara a nemi ta hannu mai lafiya, irin wadda ake samu a kasuwanni kamar Ƙofar Ruwa ta Kano, a duba ta da kyau kafin a biya.

Kariya kuwa yawancinta a hannun direba take. Tifofin yanzu suna da sitiyari mai aiki da mai, wanda yatsa biyu ma suna juya shi. Wannan sauƙi yana ɓoye wa direba irin ƙarfin da ƙarafan suke ɗauka. Idan taya ta maƙale a cikin taɓo ko ta jingina da dutse, kada ya murɗa sitiyari da ƙarfin tsiya. Ya ɗan motsa motar gaba ko baya tukuna, ko yaran mota su haƙe gefen tayar da shebur. Ya shiga rami a hankali, tayoyinsa a miƙe. Kada kuma a yi wa motar lodin da ya wuce ƙa'idarta. A Bauchi ruwan sama ya fi yawa a watannin Yuli da Agusta, kuma a lokacin ne tifa ta fi tsoma ƙafafunta cikin ruwa. Duk ranar da ta ƙetare rafi, da yamma a wanke taɓon, a duba robobin ɗaya bayan ɗaya, a ɗura giris a kowace gaɓa mai bakin ɗurawa har sai sabon ya turo tsohon waje.