Wai Sakkwato Ba Ta da Komai Sai Rana?

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin matasanmu, a Facebook da teburin mai shayi: wai jihar Sakkwato ba ta da komai sai rana da rairayi, in ba don kason da Abuja ke aiko mana duk wata ba, da yunwa ta tashe mu. Da baƙo ne ke faɗa, sai a yi masa uzuri. Abin takaici, ɗan Sanyinna ne da ya girma da tuwon gonar ubansa zai maimaita ta, har ya mai da ita hujjar sayar da gadonsa ya sayi babur ya tafi kabu-kabu.

Jihar dai an ƙirƙiro ta ne ranar 3 ga Fabrairun 1976, zamanin Janar Murtala. An cire Kebbi daga cikinta a 1991, Zamfara a 1996, aka bar ta da ƙananan hukumomi 23. Arewacinta Jamhuriyar Nijar ce. Mu muna kudu: Sanyinna na cikin Tambuwal, kuma kujera ɗaya muke rabawa da Kebbe a Majalisar Wakilai.

To, zafi kam akwai shi, a watan Afrilu ya kan haura digiri 40. Amma zafi daban, rashin albarka daban. Gulbin Rima ya gangaro daga gabas ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birni, suka nufi Argungu da Birnin Kebbi har Kogin Kwara, kuma duk inda suka bi sun shimfiɗa fadama. Madatsar Goronyo kaɗai an gina ta ne ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. A damanar 2010 ambaliya ta cinye gonaki da ƙauyuka, ta karya gada ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Wace irin hamada ce ruwa ke karya wa gada?

Ga kuma abin da ƙasar ke bayarwa. A tudu gero, dawa, wake da gyaɗa. A fadama shinkafa, alkama, tattasai, tafarnuwa da albasa. Albasar nan da ake lodawa a manyan motoci ana kai wa Ibadan da Legas, kaso mai tsoka nata daga ƙasar Sakkwato da maƙwabciyarmu Aliero take fitowa. Fatar jar akuyarmu a ƙarnonin baya fatake sun riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa na saye suna kiranta fatar Maroko, alhali akuyar ba ta taɓa ganin Maroko ba. Dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Kalambaina ma daga ƙarƙashin ƙasar nan ake haƙo shi.

Mai cewa sai da kason Abuja muke ci, ya gaya mana wa ya ciyar da daular da ta taso bayan hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804. Da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, daga baya ya zauna Wurno a gefen fadamar Rima, ya yi ta kafa garuruwan ribaɗi yana zaunar da mutane su yi noma da kiwo da sana'a. Kusan shekara ɗari, har Turawa suka ci birnin a Maris ɗin 1903, ba a san man fetur ba, kuma malamai sun samu cin da ya ishe su zama su rubuta ɗaruruwan littattafai.

Ba na musun talauci. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa Sakkwato a sahun gaba, da kusan kashi 90 cikin ɗari na jama'a cikin talauci ta fuskar ilimi, lafiya da yanayin rayuwa. 'Yan bindiga sun hana noma a sassan Isa da Sabon Birni, taki ya yi tsada. Sai dai ƙasar ba ita ce matalauciya ba, hannun da ke nomanta ne ke tashi wayam, kuma wani ɓangare na laifin namu ne.

Manomi zai ci bashin ɗan kasuwa tun kafin shuka, a kan zai biya da buhu. Ranar girbi kowa ya kwaso kaya kasuwa lokaci guda, farashi ya faɗi, mai kuɗi ya saye ya ɓoye, da bazara ya sayar wa manomin da hatsinsa ninki. Jama'a, a daina sayar da amfani gaba ɗaya da kaka. A ware na ci, a ware iri, sannan a taɓa sauran kaɗan-kaɗan. Mai albasa ya daina ba ta ruwa in girbi ya kusa, ya bar ta ta sha iska a inuwa, ya tsince mai rauni, ya ajiye a rumfa mai iska sama da ƙasa. Ruɓaɓɓiya ɗaya ke ɓata buhu. Wake a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam, a bar barbaɗa masa guba. Manoma goma su haɗa kuɗi su sayi injin ban ruwa, su ɗauki hayar mota ɗaya su kai kayansu babbar kasuwa da kansu. A bar sare gawo a gona don gawayi, shi ke ba ƙasa taki kyauta. Uwa uba, a sa yara makaranta, mata da maza, domin wanda bai iya lissafi ba kullum shi dillali ke cuta.

Siyasa kuwa, kudancin jihar ba shi da bakin cewa ba a dama da shi. Shehu Shagari ya shugabanci Najeriya daga 1979 zuwa 1983. Aminu Waziri Tambuwal ya yi kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, ya yi gwamna shekara takwas kafin Ahmad Aliyu ya karɓa a 2023. Kujeru mun gani. Abin da ba mu iya ba shi ne tambaya. Duk ɗan takarar da ya zo Sanyinna ko Kebbe da atamfa da taliya, ko wace jam'iyya ce, ku zaunar da shi ku tambaye shi hanyar da za ta fito da kaya daga fadama, da rumbun ajiyar albasa, da takin da zai iso kafin ruwan farko. In ba shi da amsa, ku riƙe ƙuri'arku.